Tarihin Ciyar da Ɗan Zomo: Daga Ramukan Andalus Zuwa Kejin Gidanka

Wataƙila abin nan ya taɓa faruwa a gidanka ko a gidan maƙwabcinka. Yaro ya matsa lamba sai da aka je kasuwa aka sayo masa ɗan zomo, fari fat, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba. Aka kawo shi gida ana murna, aka zuba masa dusa da gutsattsarin karas, wani ya jiƙa masa burodi da madara, wani ya tsinko masa ganyen kabeji. Kwana biyu yana tsalle-tsalle. A rana ta uku aka tarar da shi takure a kusurwar keji, ciki ya kumbura, bayansa ya ɓaci da zawo, kafin la'asar ya mutu. Sai a ce ai zomo ba shi da ƙarko, ko a ce mai sayarwa ya yi ha'inci, ko a ɗora wa sanyi laifi.

Mafi yawan irin wannan mutuwa daga ciki take tasowa, kuma akasari hannun mai ƙauna ne ke jawo ta ba da saninsa ba. Kada ka ga laifin kanka da yawa, domin ɗan Adam ya yi kusan shekara 2,000 yana tsare zomo kafin ya fahimci yadda cikinsa ke aiki. Zan bi da kai ta cikin wannan tarihi, saboda kowace ƙa'ida da likitocin dabbobi ke bayarwa a yau tana da asarar da ta haife ta, kuma wanda ya san dalilin ƙa'ida ya fi riƙe ta da kyau.

Wane zomo ake nufi?

Hausa ta haɗa dabbobi biyu a suna ɗaya. Zomon tatsuniya, wanda karin magana ta ce ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, shi ne zomon daji mai dogayen ƙafafu. Ba ya haƙa rami, kuma ana haihuwar ɗansa da gashi, ido a buɗe. Zomon gida kuwa baƙo ne a ƙasashenmu. Asalinsa yankin Andalus ne, wato Sifen da Fotugal na yau, da kudancin Faransa. Masana na kiran sa Oryctolagus cuniculus. Yana haƙa rami, ana haihuwar ɗansa tsirara, makaho, bayan ciki na kimanin kwana 31. Duk wani zomon keji da ka taɓa gani, fari ko baƙi, mai miƙaƙƙen kunne ko mai langaɓaɓɓe, jikan wannan ne.

Ƙasar da ya taso cikinta ƙasa ce mai dogon rani da busasshiyar ciyawa, ga ƙaiƙayi da ɓawon itace. Abincin da ke wurin mai kaushi ne, amfaninsa kaɗan, sai an ci da yawa. A kan wannan abinci jikinsa ya ginu. Yana da haƙora 28, dukkansu suna tsiro har iyakar rayuwarsa, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, don haka dole a sami abin da zai riƙa goge su. Ba ya iya amai, abin da ya shiga ciki sai dai ya bi ta hanji. Da daɗewa masana sun lissafa shi cikin dangin ɓera, har zuwa 1912 lokacin da wani masani Ba'amurke, James Gidley, ya ware shi a rukuni na dabam. Har gobe mutane da yawa kallon ɗan'uwan gafiya suke yi masa, shi ya sa suke zuba masa hatsi. Alhali idan ana batun ciki, zomo ya fi kusa da doki da jaki.

Rumawa da garun zomaye

Rumawa ne suka fara barin mana rubutu a kan tsare shi. Wajen shekara ta 37 kafin Miladiyya, Varro ya bayyana a littafinsa na aikin gona yadda masu hali ke kewaye fili da garu su zuba zomaye a ciki don nama da farauta. Pliny ya ba da labarin mutanen tsibiran Baleyarik da zomaye suka cinye musu amfanin gona, har suka roƙi Sarki Augustus ya turo musu sojoji. Shi ne kuma ya ambaci al'adar cin 'ya'yan zomo da aka ciro daga ciki ko waɗanda aka haifa ba da jimawa ba.

Daga wannan al'ada wani labari ya samo tushe, wanda littattafan kiwo suka yi ta maimaitawa. Wai a shekara ta 600 Fafaroma Gregory ya halatta cin 'ya'yan zomo a lokacin azumin Kirista, wai wannan ne ya sa masu zaman zuhudu a Faransa suka mai da zomo dabbar gida. A 2018 wasu masu bincike na Jami'ar Oxford suka bi diddigin labarin, suka tarar babu wata takarda da ta nuna Fafaroman ya yi wannan hukunci. An gauraya shi ne da wani Gregory na dabam, na birnin Tours, wanda ya ba da labarin wani mutum guda da ya ci irin wannan nama a cikin azumi. Ka riƙe wannan misali, domin sha'anin zomo cike yake da maganganun da aka gada baki da baki ba wanda ya tsaya ya gwada su.

A ƙarni na 12 Normandawa suka yaɗa kiwon zomo a Ingila. Masu gonaki suka riƙa tara tuddan ƙasa don zomayen su haƙa ramuka, suka ɗauki ma'aikata masu tsaron su, waɗanda ke zuba musu ingirici da rassan itace idan hunturu ya yi tsanani. Abin lura a duk tsawon wannan zamani shi ne zomo ne ke zaɓar abin da zai ci, kuma zomanya ce ke yaye 'ya'yanta a lokacin da ya dace. Mutum ya tsare ƙafarsa, bai riga ya karɓe ragamar cikinsa ba.

Daga fili zuwa akwati

Lamari ya sauya sa'ad da zomo ya koma cikin akwatin katako a bayan gida. Wannan ya yaɗu ƙwarai a ƙarni na 19, lokacin da leburorin masana'antu a Ingila da Beljiyam da Faransa suka cika birane, suna neman nama mai arha da ba ya buƙatar fili. A cikin akwati zomo ba shi da zaɓi. Abin da aka jefa masa shi zai ci: ɓawon dankali, busasshen burodi, dusa, ragowar kabeji. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun ƙara wa wannan kiwo ƙarfi, har gwamnatin Birtaniya ta riƙa ƙarfafa wa jama'a gwiwa su ajiye zomaye a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don cike giɓin nama.

A wannan zamani ne wata camfi ta kafu, cewa zomo ba ya shan ruwa, wai ruwa na kashe shi. Tushenta ba ɓoyayye ba ne: zomon da ke cin ɗanyen ganye kullum yana samun ruwa daga ganyen, sai a ga bai damu da kwano ba. Da aka koma ba shi busasshen abinci, camfin ya biyo shi, har ya iso ƙasashenmu masu zafi inda ya fi yin ɓarna. Gaskiyar magana, zomo na shan ruwa tsakanin mililita 50 zuwa 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai shayarwa kuwa ta fi haka nesa. Idan ruwa ya yanke, ci ya ragu, abin da ke cikin hanji ya bushe, nono ya ƙafe.

Akwati ya zo da wata matsalar kuma, wato zama a kan kashi. A 1674 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba ruwan matsarmamar zomo da madubin ƙara girman abu da ya haɗa da hannunsa, ya ga wasu ƙananan halittu masu siffar ƙwai. Masana na ganin ƙwayayen cutar koksidiya ya gani, kuma yana cikin farkon ganin da ɗan Adam ya yi wa irin waɗannan ƙwayoyin cuta. Sai bayan kusan shekara 200 aka fahimci mene ne su. Yau an san nau'i 11 da ke kama zomon gida, ɗaya a hanta, sauran a hanji. Babban zomo na iya ɗauke da su lafiya lau, yana zubar da ƙwayayen a kashinsa, 'ya'yan da aka yaye su ne ke kwanciya. Amma ƙwayayen ba sa iya harbi a ranar da suka fito, sai sun yi kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki a wuri mai danshi. Ma'ana, wanda ke share keji kullum, yana ɗaga kwanon abinci da na ruwa daga inda kashi zai faɗa, ya datse hanyar cutar tun kafin a kai ga magani.

Asirin kashin da ba ka gani

Babban asirin cikin zomo bai fito fili ba sai 1882, lokacin da wani likitan dabbobi Bafaranshe, Charles Morot, ya rubuta cewa zomo na fitar da kashi iri biyu, kuma yana cinye iri ɗaya kai tsaye daga duburarsa. Kusan ba wanda ya kula da maganarsa. Sai a 1939 Madsen a ƙasar Denmak da Taylor a Ingila suka sake tabbatar da ita. Masu bincike suka riƙa sa wa zomaye abin wuya mai faɗi da ke hana baki kaiwa baya, sai ga lallausan kashin da ba a saba gani ba ya taru a ƙasan keji.

Ga yadda abin yake. A inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, zomo na da wata babbar jaka, mu kira ta rumbun hanji, wadda ke ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na duk abin da ke cikinsa. Rumbun nan cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne ke narkar da ciyawar da cikin zomo ba zai iya narkarwa da kansa ba. A 1972 wani masani ɗan Suwidin, Göran Björnhag, ya bayyana yadda babban hanji ke yin tankaɗe. Dogon zaren ciyawa mai kaushi, abin da likitoci ke kira faiba, ana tura shi gaba ya fita a matsayin busasshen kashi mai kama da ƙwayar gujiya. Lallausan gari da ruwa kuwa ana mai da su baya cikin rumbu su ruɓa. Sau ɗaya ko biyu a yini, akasari da dare ko da sassafe, sai rumbun ya saki abin da ya dafa, ya fito a cure kamar nonon inabi, lulluɓe da yauƙi. Zomo ya sunkuya ya haɗiye shi ba tare da tauna ba. A cikinsa akwai furotin da bitamin B da bitamin K. Wato shi ma tuƙa yake yi, ta wata hanyar da ba irin ta saniya ba.

Darussa biyu suka fito daga nan. Na farko, zaren ciyawar nan da ake gani kamar ba shi da amfani, tunda fita yake yi yadda ya shiga, shi ne ke motsa hanji. Idan babu shi hanji ya yi sanyi, iska ta taru, ciwo ya hana ci, rashin ci ya ƙara tsai da hanji. Na biyu, zomo da ƙwayoyin rumbunsa abokan rayuwa ne, duk abin da ya kashe su ko ya birkita su ya taɓa ransa.

Minti biyar a yini

Ɗan zomo ba a haihuwarsa da waɗannan ƙwayoyi. Yadda yake samun su shi ne zuciyar maganarmu. A 1965 Zarrow da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa zomanya sau ɗaya kawai take shayar da 'ya'yanta a yini, na 'yan mintoci da ba su cika wuce 5 ba, sa'an nan ta yi nesa da su. A daji dabara ce ta ɓoye rami daga maƙiya. A gida kuwa mutane da yawa na ganin haka su ce uwa ta ƙi 'ya'yanta, su kwashe su su ɗura musu madarar shanu, su kashe su da hannunsu. Idan ka duba da safe ka ga cikin 'ya'yan a cike, fata ba ta yamutse ba, jiki da ɗumi, to uwa na aikinta.

Nonon zomanya ya iya riƙe ɗa sa'a 24 saboda kaurinsa. Maiƙonsa ya kai wajen kashi 12 zuwa 13 cikin 100, furotin ma haka, sukarinsa kaɗan ne. Madarar shanu maiƙonta bai cika wuce kashi 4 ba, furotin kashi 3 da ɗoriya, sukarinta kuwa ya doshi kashi 5. Ba ta ƙosar da ɗan zomo, kuma sukarin na jawo masa zawo. A 1966 Cañas-Rodriguez da Smith suka gano wani abin mamaki: idan nonon zomanya ya shiga tumbin ɗanta, yana rikiɗa ya fitar da wani mai da ke kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ne garkuwarsa, domin tumbin jariri ba shi da tsami sosai. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nuna tsananin tsami, tumbin mai shan nono na tsakanin 5 da 6.5, na babban zomo kuwa tsakanin 1 da 2, tsamin da ke ƙone mafi yawan ƙwayoyin da suka biyo abinci.

Ido na buɗewa wajen kwana na 10. Uwa kan bar 'yan ƙwayoyin kashinta a cikin sheƙa, 'ya'yan su gwagwiya, ta haka suke gadon ƙwayoyin rumbunta. Cikin mako na uku suna fitowa suna taɓa abin da uwa ke ci, su kuma fara cin nasu lallausan kashin. Daga nan nono na raguwa, garkuwarsa na janyewa, alhali tsamin tumbi bai gama ƙarfi ba, ƙwayoyin rumbu kuma ba su gama zama daram ba. Tsakanin mako na 4 da na 10 ɗan zomo kamar mai tsallaka kogi ne, ya saki wannan gaɓa bai kama waccan ba. A daidai wannan lokaci ne ake cire shi daga uwa, a kai shi kasuwa cikin rana da hayaniya, a sayar wa wanda zai ba shi abincin da bai taɓa gani ba.

Zamanin abincin kamfani

A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Amurka ta buɗe tashar binciken kiwon zomo a garin Fontana na jihar Kalifoniya. Daga irin waɗannan cibiyoyi, da kamfanonin abincin dabbobi, aka kai ga curarren abinci mai ƙwaya-ƙwaya da masu kiwo ke kira felet. Ya sauƙaƙa aiki, ya sa girma ya yi sauri. Amma ka tuna don wa aka tsara shi: zomon nama da za a yanka yana da mako 10 zuwa 12. Ba wanda ya tambayi abin da zai yi wa dabbar da za ta iya rayuwa shekara 8 zuwa 12.

Ko a gonakin nama ma, zawon bayan yaye ya zama babban mai kisa. Peter Cheeke na Jami'ar Jihar Oregon ya kawo bayanin cewa ɗan zomo bai gama iya narkar da sitaci ba, idan hatsi ya yi yawa sai ragowar ta zube cikin rumbun hanji ta ciyar da miyagun ƙwayoyi. Daga baya masu bincike a Faransa, musamman François Lebas da Thierry Gidenne, suka nuna cewa ƙarancin zaren ciyawa ne ya fi yin ɓarna, ko da yake a aikace abu biyun tare suke tafiya, tunda cikin da hatsi ya cika ba ya neman ciyawa. A farkon shekarun 1980 aka tabbatar da wata ƙwaya mai suna Clostridium spiroforme, wadda ke yaɗuwa idan ƙwayoyin kirki sun raunana, ta saki dafin da ke kashe ɗan zomo cikin yini ɗaya ko biyu. A wajen 1996 zuwa 1997 kuma wata annoba ta kumburin ciki da kashi mai majina ta ɓarke a gonakin Faransa, ta bazu cikin Turai, kuma 'ya'yan da aka yaye ta fi ɗauka.

A nan ne aka koyi darasin magani da tsada. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ke ceton mutum da kare, idan aka ɗura wa zomo ta baki, sai su share ƙwayoyin rumbunsa su bar fili ga masu dafi. Cikinsu akwai amoksisilin, amfisilin, linkomaisin, kilindamaisin da eritromaisin. Wanda ya fasa kafso daga kemis ya zuba wa ɗan zomo a ruwa don ya tsai da zawo, sau da yawa shi ya ƙarasa shi. Haka nan abincin kaji: zarensa kaɗan ne, hatsinsa da yawa, kuma wasu magungunan da ake gaurayawa cikinsa guba ne ga zomo.

Zomo ya shiga ɗaki

A 1985 wata mata a Kalifoniya, Marinell Harriman, ta wallafa littafi kan zama da zomo a cikin ɗaki, a 1988 kuma aka kafa ƙungiyar House Rabbit Society. Zomaye suka fara tsufa a hannun masu su, likitoci suka fara ganin abin da gonar nama ba ta taɓa nunawa ba: ƙiba, haƙoran da suka yi tsawo suka huda kunci, da hanjin da ke tsayawa cik. A da idan zomo ya daina ci aka tarar da curin gashi a tumbinsa, gashin ake zargi, a ba shi ruwan abarba ko a yi masa tiyata. Sannu a hankali aka gane lafiyayyen zomo ma na da gashi a tumbi, tsayuwar hanji ce ke sa gashin ya dunƙule, kuma maganinta ruwa ne da rage ciwo da komawa ga ciyawa.

Karas ma yana da nasa tarihin. Zomon zane na Amurka, Bugs Bunny, wanda ya fito a 1940 yana gwagwiyar karas, ya dasa wa duniya tunanin cewa karas ne tuwon zomo. Zomon daji ba ya tonon saiwa ya mai da ita abincin kullum, kuma karas na da sukari da yawa. Ɗan yanki ne na marmari ga babba, ba abin yaye ba ne. A Ingila kuma an daɗe ana sayar da gaurayen hatsi da wake da busassun 'ya'yan itace masu launi. A 1996 likita Frances Harcourt-Brown ta nuna cewa zomaye na tsince masu daɗi su bar sauran, abin da ke raunana ƙashi da haƙori. A 2013 binciken Jami'ar Edinbara ya tabbatar da cewa wannan gauraye na rage cin ciyawa, yana kawo ƙiba da ciwon haƙori da barin lallausan kashi ba a ci ba, har manyan kantuna suka daina sayar da shi. A 2018 dokar Ingila ta haramta wa masu lasisin sayar da dabbobi sayar da zomon da bai kai mako 8 ba.

Abin da tarihin ya bar maka

Ka ga dai inda aka zagayo aka dawo: ga busasshiyar ciyawar da kakansa ke ci a tuddan Andalus. To ga abin da ya rage gare ka.

Kada ka sayi ɗan zomon da bai cika mako 8 tare da uwarsa ba, komai kyansa. Ka tambayi mai shi abin da yake ba su, ka karɓo kaɗan daga ciki, ka ci gaba da shi. Idan za ka sauya, ka riƙa gaurayawa kaɗan-kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14. Ingirici mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, tarin da ya kai girman jikinsa kowace rana. Harawar gyaɗa da ta wake suna da furotin da sinadarin gina ƙashi, sun dace da mai tasowa, amma a haɗa su da ciyawa, a kuma rage su idan ya kai wata 6 zuwa 7. Ka shinshina kafin ka zuba. Duk abin da ya yi fumfuna ka zubar, domin dafin aflatoksin, wanda aka gano bayan ƙulin gyaɗa ya kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960, yana yi wa hantar zomo mummunar illa. Felet na zomo, idan ka samu, ƙari ne a kan ciyawa. Mai tasowa na iya samun rabo mai ɗan yawa muddin yana cin ciyawarsa, babba kuwa kimanin giram 25 a kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana. Dusa da hatsi su zama kaɗan ƙwarai, burodi da madara da tuwo kuwa babu su sam.

Batun ɗanyen ganye an daɗe ana saɓani a kansa. Tsofaffin masu kiwo sun hana shi ga ƙanana baki ɗaya, saboda sun sha ganin zawo bayan an ba da shi. Abin da aka fahimta yanzu shi ne sauyin farat ɗaya ne ke kisa. Ɗan da ya tashi yana cin ganye tare da uwarsa zai iya ci gaba. Wanda ba ka san tarihinsa ba kuwa, ka jira ya kai wajen mako 12, ka fara da iri ɗaya, ɗan guntu, ka wanke ka bari ya tsane, ka duba kashinsa kwana biyu kafin ka ƙara wani. Kada ka tsinko daga bakin titi ko gonar da aka yi wa feshi. Ruwa mai sanyi a kwano mai nauyi kada ya yanke, keji kuma ya zauna a inuwa mai iska, domin idan zafi ya haura digiri 30 zomo na rage ci, rage ci kuwa ka riga ka san inda yake kaiwa.

Kowace safiya, kafin ka share, ka tsaya ka dubi kashinsa. Ƙwayoyi masu yawa, zagayayyu, busassu, masu girma ɗaya, alamar lafiya ce. Idan sun ƙanƙance ko sun ragu, hanji ya fara sanyi. Idan kana yawan tarar da lallausan nan a ƙasa ko manne a bayansa, abinci mai daɗi ya yi yawa, ka rage shi ka ƙara ciyawa. Amma idan ka ga zawo kamar ruwa, ko majina, ko ciki ya kumbura, ko ya yi sa'a 12 bai ci ba bai yi kashi ba, wannan ba abin jira zuwa gobe ba ne. Ka ware shi daga sauran, ka ɗumama shi, ka bar masa ruwa da ciyawa, kada ka hana shi abinci da sunan hutar da ciki, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Ka riƙe kaɗan daga kashin a leda ka tafi da shi, domin da madubi likita zai iya ganin ƙwayayen nan da Leeuwenhoek ya gani a 1674, ya san maganin da ya dace.